Rumbun Bayanai na Gida: Yadda Ake Zaɓen Kayan da Suka Dace da Juna da Kuɗi Kaɗan

Gabatarwa

Garin Illela yana arewacin jihar Sakkwato, kimanin kilomita 85 daga babban birnin jihar, a kan hanyar da ta ratsa Kware da Gwadabawa ta ɓulle Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar. Duk ranar Lahadi kasuwar garin takan cika da fatake daga ƙasashen biyu, ana cinikin dabbobi da hatsi da sauran kayan masarufi. Wanda ya lura da yadda ake hada-hada a yau zai ga cewa amanar ciniki da yawa ta bar littafi ta koma cikin wayar hannu. A nan ake ajiye hoton rasit, da lissafin bashi, da saƙon murya na alkawarin da aka ƙulla, har da hotunan biki da na iyayen da suka riga mu gidan gaskiya. Ranar da wayar ta faɗa ruwa, ko ɓarawo ya zare ta a cikin cunkoso, duk waɗannan sun tafi ke nan.

Manomi ba ya barin amfanin shekararsa a cikin buhu ɗaya a bakin ƙofa. Rumbu yake ginawa. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan irin rumbun da ake haɗa wa bayanai a gida ko a shago, da yadda mai ƙaramin ƙarfi zai zaɓi kayansa. Abin da ya fi cinye kuɗin masu farawa shi ne sayen kayan da kowannensu lafiyarsa lau, amma ba su dace da juna ba, ko kuma ba su dace da wutar gidan da yanayin garin ba.

Mene ne rumbun bayanai?

Rumbun bayanai, wanda masana ke kira saba ko NAS, kwamfuta ce da aka keɓe ta ga aiki guda, wato ajiya. Ana jona ta da rauta, sai wayoyi da kwamfutocin gidan su riƙa zuba mata kaya suna ɗiba ta Wi-Fi. Wannan zirga-zirga a cikin gida take gudana, saboda haka ba ta cin data, ba ta kuma jiran ƙarfin sabis. Rumbun yana da gaɓoɓi shida: babban allo da ake kira madabod, da furosesa, da ma'ajiyar wucin gadi wato RAM, da faifan ajiya, da akwatin wuta da masu gyara ke kira fawa-fak, sai kuma gidan da ya ƙunshe su.

A shekarar 1956 kamfanin IBM ya fitar da faifan ajiya na farko da aka sayar a kasuwa. Farantai 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, kuma gaba ɗayansu haruffa miliyan 5 kacal suke ɗauka, abin da bai wuce hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani ba. A yau faifan da ya shige aljihu yana ɗaukar terabait 1, wato kimanin hotuna 200,000 masu nauyin megabait 5 kowanne.

Darasi daga ƙarin jini

Kafin ƙarni na 20 ƙarin jini tamkar caca yake, wani majinyaci ya warke, wani ya mutu, alhali jinin da aka ba su duka na masu lafiya ne. A shekarar 1901 Karl Landsteiner, wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya bayyana cewa jinin 'yan Adam rukuni-rukuni ne, kuma idan aka haɗa rukunan da ba su jitu ba sai ƙwayoyin jinin su dunƙule. Wannan bincike ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1930. Tun daga lokacin likita ba ya tsayawa ga tambayar ko jinin mai kyau ne, sai ya tabbatar ya dace da jikin da za a ƙara wa. Wannan ita ce ƙa'idar da ya kamata mai saye ya riƙe a gaban kowane kanti.

Lissafin farko: nawa za a ajiye, da wace wuta?

Kafin a taka kasuwa akwai lissafi biyu da ake yi a kan takarda. Na farko shi ne yawan kayan. Awa ɗaya ta sautin murya takan ci kusan megabait 60, awa ɗaya ta bidiyon waya kuwa takan ci gigabait 4 zuwa 8. Ɗan kasuwa mai rasitai da hotuna, ko makaranta mai ajiye sakamakon ɗalibai, terabait 1 ko 2 zai ishe su shekaru. Mai ɗaukar bidiyon biki shi ne zai nemi terabait 4 ko fiye. A kuma sani cewa faifan da aka rubuta wa terabait 1 zai nuna gigabait 931 ne a Windows. Ba ha'inci ba ne, masu ƙera faifai da dubu suke ƙirga, kwamfutar kuwa da 1,024.

Lissafi na biyu, wanda ya fi muhimmanci a wuri irin Illela, shi ne na wuta. Gidaje da shaguna da yawa sun dogara ne ga sola ko janareto a lokacin da wutar da jama'a ke kira ta NEPA ta ɗauke. Alal misali, kwamfutar ofis mai faifai biyu da ke jan wat 30, idan ta kwana ta wuni a kunne, za ta ci wat-awa 720. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma idan na dalma ne rabi kawai ake so a taɓa, wato 600, domin kada ya mutu da wuri. Daga faɗuwar rana zuwa hantsi, a ce awa 14, kwamfutar za ta ci wat-awa 420, saboda haka batir ɗaya ya isa, tare da farantin sola mai wat 200 zuwa 250.

To, a kwatanta wannan da tsohuwar sabar kamfani, irin doguwar nan mai faɗi da akan samu da araha a wajen masu kayan gwanjo. Idan tana jan wat 150, a cikin awa 14 ɗin nan za ta ci wat-awa 2,100, abin da ke bukatar batir huɗu. Kuɗin batiran kaɗai ya ninka abin da aka rage a wajen saye, ga ƙarar fankokinta da ba ta barin barci. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Gangar jiki: hanyoyi huɗu

Hanya ta farko ita ce sayen akwatin NAS da aka riga aka haɗa, irin na Synology ko QNAP. Ya fi sauƙin sarrafawa, ba ya cin wuta sosai, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin mai farawa, kuma ba a cika samun kayan gyaransa a kusa ba.

Hanya ta biyu ita ce 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. Samfuri na 4, wanda ya fito a 2019, yana da ƙofofin USB 3.0 da ƙofar waya mai gudun gigabit. Da faifai ƙanana biyu ba ta cika wuce wat 10 zuwa 15 ba. Matsalarta ita ce wutar da ƙofofinta ke bayarwa ba ta da yawa, don haka faifai biyu kan bukaci mahaɗar USB mai nata wutar daban.

Hanya ta uku ita ce tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka. Falalarta ita ce batirinta, wanda ke riƙe ta idan wuta ta ɗauke. Amma a riƙa duba batirin, domin zafi yana kumbura shi, kuma kumburarren batir haɗari ne a cikin ɗaki.

Hanya ta huɗu, wadda ta fi dacewa da yawancin masu farawa, ita ce tsohuwar kwamfutar ofis irin Dell OptiPlex ko HP ProDesk ko Lenovo ThinkCentre. Ana samun irinsu a shagunan Sakkwato, da titin Beirut a Kano, da kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma da yawa daga cikin waɗannan kwamfutoci ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wannan bai rage musu komai ba a aikin rumbu, tunda manhajar da za a ɗora musu ta dangin Linux ce. Babbar fa'idarsu ita ce allo da furosesa da akwatin wuta sun zo a haɗe daga masana'anta, an riga an gwada jituwarsu.

Sai dai a lura da girman gidan. Siririyar nan da ake kwantarwa a kan tebur galibi gurbin babban faifai ɗaya gare ta, ƙaramar cikinsu kuwa ba ta ɗaukar babban faifai sam. Wanda ke son faifai biyu sai ya nemi mai tsayi, ya sa a buɗe masa ita a shago, ya ƙirga guraben faifai, da ƙofofin SATA da ke kan allo, da bakunan wuta da ke fitowa daga akwatin wuta. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya gaza biyu, akwai sauran saye a gaba.

Furosesa da RAM

Kowace furosesa da irin gurbin da take zama. Furosesar Intel ta zubi na 2 da na 3 tana zama a gurbin LGA1155, ta zubi na 4 a LGA1150, ta zubi na 6 da na 7 a LGA1151. Sunayen sun yi kama, girman ma kusan ɗaya ne, amma ba sa musanya, kuma wanda ya tilasta zai lanƙwasa alluran allon. Aikin ajiya ba ya neman furosesa mai ƙarfi. Core i3 ko Pentium ta zubi na 4 zuwa sama ta wadatar, kuma kuɗin da za a ƙara don samun i7 gara a kai shi ga faifai.

Haka RAM take. DDR3 ta kwamfutar tebur haƙora 240 gare ta, DDR4 kuwa 288, kuma tsagar da ke tsakiyar haƙoran ba a wuri ɗaya take ba. Ta kwamfutar tafi-da-gidanka gajera ce, ba ta shiga gurbin doguwa. Akwai kuma tarkon RAM ɗin sabar kamfani, wadda ake gane ta da harafin R a lambar jikinta, kamar 10600R. Tana da araha, tana shiga gurbin daidai, amma kwamfutar ofis ba za ta tashi da ita ba.

Yawan RAM ya danganta da manhajar da aka zaɓa. OpenMediaVault, wadda aka gina a kan Debian, tana aiki lafiya da gigabait 2 zuwa 4. TrueNAS tana neman aƙalla gigabait 8. Dukkansu kyauta ake saukewa. Ana so a ɗora manhajar a kan ɗan ƙaramin SSD na daban, a bar manyan faifai ga ajiya kawai.

Faifan ajiya

A nan ne ya kamata mafi yawan kuɗin ya tafi, domin kowace gaɓa ana iya maye gurbinta, amma abin da ke cikin faifai idan ya tafi ba ya dawowa. Abubuwa huɗu ake dubawa.

Na farko, baki. Faifan gida SATA ne, na kamfani kuwa sau da yawa SAS ne, kuma masu gwanjo kan sayar da shi da rangwame. Allon da aka yi don SAS yana karɓar faifan SATA, amma allon SATA ba ya karɓar faifan SAS, kamar yadda mai jini rukunin AB ke karɓa daga mai rukunin O, shi kuwa mai O ba ya karɓa daga gare shi. Bakin SATA yana da giɓi tsakanin sashen wuta da na bayanai, na SAS kuwa a haɗe yake.

Na biyu, girma. Babban faifai mai inci 3.5 yana bukatar bolt 12 da bolt 5, kuma a lokacin tashi yakan ja kusan amfiya 2 na 'yan daƙiƙu. Ƙarami mai inci 2.5 bolt 5 kawai yake nema. Wannan ne dalilin da ya sa babban faifai ba ya tashi da wayar USB ita kaɗai.

Na uku, salon rubutu. A faifan CMR layukan bayanai a jere suke, kowanne da filinsa. A faifan SMR kuwa layukan suna hawa gefen juna kamar kwanon rufi, saboda haka gyara layi ɗaya kan tilasta sake rubuta maƙwabtansa, sai aiki ya yi nauyi idan rubutu ya yi yawa. A shekarar 2020 ta bayyana cewa wasu faifan WD Red masu terabait 2 zuwa 6 na SMR ne, daga baya kamfanin Western Digital ya ware na CMR da sunan WD Red Plus. Mai haɗa rumbu sai ya karanta lambar samfurin da ke jikin faifan, ya bincika ta, ya zaɓi CMR.

Na huɗu, lafiya. Kowane faifai yana riƙe da tarihin lafiyarsa a wani tsari da ake kira SMART, kuma manhajar CrystalDiskInfo tana karanta shi kyauta cikin minti ɗaya. A duba awannin da ya yi yana aiki, a tuna cewa shekara ɗaya awa 8,760 ce. A kuma duba adadin guraben da suka lalace aka sauya su, da waɗanda ake shakkarsu. Duk faifan da waɗannan biyun ba sifiri ba ne, a bar wa mai shago kayansa. A 2007 masu bincike na kamfanin Google sun wallafa nazarin faifai fiye da 100,000, inda suka gano cewa faifan da ya nuna kuskuren farko a binciken farfajiyarsa ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39. Sun kuma gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na faifan da suka mutu ba su nuna wata alama ba ko kaɗan. Ma'ana, gwajin yana fallasa marar lafiya, amma ba ya ba mai lafiya tabbacin gobe.

Akwatin wuta da kayan ƙetare

Garin kan iyaka yana karɓar kaya daga ɓangarori daban-daban. Na'urar da ta shigo ta Nijar takan zo da filogi mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa, alhali soket ɗin Nijeriya mai ƙafa uku ne irin na Ingila. Cusa shi da tsinke yana haifar da tartsatsi, kuma yana barin kwamfutar ba wayar ƙasa. Canza wayar gaba ɗaya ya fi, kuɗinta kaɗan ne. Kwamfutar da ta fito daga Amurka kuwa a dubi bayanta. Wasu tsofaffin akwatunan wuta suna da ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230, kuma idan aka jona shi yana kan 115, take zai ƙone.

Har ila yau, da yawa daga cikin kwamfutocin ofis na Dell da HP ba sa amfani da bakin wuta na gama-gari mai ƙafa 24, nasu na daban ne mai ƙafa 6 ko 8. Idan akwatin ya mutu, irinsa sak ake nema. Yana da kyau mai saye ya tambayi ko ana samun madadinsa tun kafin ya biya. Game da inbata, mai fitar da tsabtatacciyar wuta irin ta layi ita ta fi dacewa, domin wasu akwatunan zamani kan yi ƙara ko su kashe kansu a kan mai arahar. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu tana ɓata fayil, don haka wanda ba shi da inbata ya nemi UPS ko da ƙarama ce.

Zafi, ƙura da ƙwari

A watannin Afrilu da Mayu zafin yankin Sakkwato yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma faifai mai aiki yakan ɗara zafin ɗakin da yake ciki. Masu ƙera faifai galibi suna sa iyakarsa a digiri 60 zuwa 65, amma nazarin Google da aka ambata ya nuna cewa faifan da suka shekara 3 ko 4 sun fi mutuwa idan zafinsu ya wuce digiri 45, kuma irin waɗannan ne ke cika kasuwar gwanjo. Fanka guda mai hura iska kai tsaye a kan faifai tana rage zafin sosai. A ajiye rumbun a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da kwanon rufi da taga mai rana. A lokacin bazara ana iya kashe shi da tsakar rana, a kunna da yamma. Batirin dalma ma ya fi son inuwa, domin ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin kwanansa.

Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Tana toshe fankoki, ta lulluɓe allo kamar bargo. A riƙa buɗe gidan ana hure shi duk wata, bayan an cire wuta. Magina rumbun gargajiya kan ɗora shi a kan duwatsu don tsare hatsi daga danshi da gara, haka nan ita ma kwamfutar a ɗora ta a kan tebur ko kanta. Ɗumin cikinta yana jawo kyankyasai da tsaka, waɗanda kan haɗa wuta a cikin akwati, ɓeraye kuma suna gaigayar wayoyi.

Hanyar da ta haɗa su

Rumbun da wayar sadarwa ake jona shi da rauta, ba da Wi-Fi ba. A duba ƙofofin rautar, domin wasu masu araha megabit 100 kawai suke gudu. Kwafe gigabait 100 ta irin wannan ƙofa zai ɗauki kusan awa biyu da rabi, ta ƙofar gigabit kuwa kimanin minti 15. Wayar Cat5e ta isa, matuƙar tsawonta bai wuce mita 100 ba. Ƙananan na'urorin intanet na aljihu galibi ba su da ƙofar waya, don haka ba za su yi wannan aiki ba.

Tagwayen faifai da kwafi na nesa

A 1988 David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka wallafa maƙalar da ta yaɗa sunan RAID, wato haɗa faifai masu araha su yi aiki tare. Mafi sauƙin nau'insa shi ne tagwaitawa, inda duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya ake rubuta shi a ɗayan. Faifai biyu masu terabait 2 za su ba da terabait 2 ne kawai, kuma idan girmansu ya bambanta, ƙaramin ne ma'auni. Wannan tsari yana kare mutum daga mutuwar faifai ɗaya. Amma fayil ɗin da aka goge bisa kuskure ya gogu a duka biyun, haka nan gobara ko tsawa ko ɓarawo ba sa ɗaukar ɗaya su bar ɗaya.

Saboda haka masana ke ba da shawarar kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gida daban. Mai kuɗin faifai biyu kacal zai fi cin riba idan ya sa ɗaya a rumbu, ya mai da ɗayan na waje, yana kwafewa duk mako yana kai shi ajiya wajen ɗan'uwa. A zaɓi inda hannu zai kai gare shi ko da yaushe. An rufe iyakar Illela daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Mazaunin Illela zai fi samun kwanciyar hankali idan kwafinsa yana wata unguwa ta garin, ko Gwadabawa, ko Sakkwato, maimakon tsallaken iyaka.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa tsarin saye yana da jeri. Ana farawa da lissafin kaya da na wuta, sannan a zaɓi kwamfutar da batirin gidan zai iya ɗauka, sannan a nemi RAM da faifan da suka dace da ita, a kuma ware kuɗin fanka da faifan kwafi tun farko. Mai saye ya tafi kasuwa da lambar samfurin kwamfutarsa a rubuce, in da hali ma ya tafi da ita kanta, a jona kowane abu a gabansa, a kunna, ya ga ya tashi kafin kuɗi su bar hannunsa. Bayan an haɗa rumbun, a bar shi ya yi mako guda yana aiki da kayan gwaji, a kuma jarraba dawo da fayil daga faifan kwafi ko da sau ɗaya ne. Sai bayan wannan ne ya dace a danƙa masa littafin bashi da hotunan iyali.